Tukunya Kafin Takobi: Manomin Panjab da Manomin Kadawa



Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya gafarta malamai, 'yan'uwana manoman rani da suka baro ban ruwa a Kura da Bunkure da Garun Malam suka zo, iyayenmu mata, ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya.

Da na gaya wa wani abokina zan zo Kumbotso in yi lacca a kan mutanen Sikh na ƙasar Indiya, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska?" Na ce masa ruwan kanal ne ya haɗa su. Sunan ƙasarsu Panjab, kalmar Farisanci ce, ma'anarta ruwa biyar, saboda koguna biyar da suka ratsa ta. Alkama suke yi da sanyi, shinkafa da damina, da ruwan da hukuma ke buɗewa ta kuma rufe. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin kanal a Kadawa da tocila a hannu yana jiran ruwa ya iso gonarsa, ya riga ya san rabin halin da manomin Panjab yake ciki.

Ban zo tallar addinin kowa ba, malamai su kwantar da hankalinsu. Na zo ne da tambaya guda. Mutanen nan ba su kai biyu cikin ɗari na jama'ar Indiya ba. Yaya aka yi shekara ɗari huɗu ana danne su suna tasowa, har a 2021 suka sa gwamnatin da ba ta saba janye magana ba ta janye?

Mutumin Sikh na farko da na gani malaminmu ne na lissafi a sakandare, zamanin da malaman Indiya suka cika makarantun Kano. Rawaninsa a ɗaure tamau, gemu a naɗe, ga wani awarwaron ƙarfe a hannun dama da ke bugun tebur ƙwal-ƙwal duk sanda ya ɗora alli. Mu yara muka raɗa masa Alhaji. Wata rana ya ce mana shi ba Musulmi ba ne, kuma ba Hindu ba ne. Muka yi shiru, don a finafinan da muke kallo ba mu san akwai na uku ba.

Wanda ya kafa tafarkinsu, Guru Nanak, an haife shi a 1469, wato zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Guru na nufin malami. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a wani gari, Kartarpur, yana noma da hannunsa, kuma a nan ya kafa abin da nake so ku riƙe har ƙarshen maganar nan: girkin gayya da suke kira langar. Ana dafa abinci, kowa ya zo ya zauna a ƙasa a sahu ɗaya ya ci, ba a tambayar sunansa ko asalinsa. A ƙasar da mai babban asali ba ya shan ruwa a kofin da mai shara ya taɓa, wannan zama a ƙasa ba ƙaramar tsokana ba ce. Har yau babu ɗakin ibadarsu da ba shi da madafa, kuma babban na birnin Amritsar yana ciyar da dubun-dubatar mutane kullum, kyauta. Kowane mabiyi ana so ya fitar da ɗaya cikin goma na abin da ya samu don irin wannan hidima.

Takobi daga baya ya zo. A 1606 Sarkin Mugal Jahangir ya sa aka kashe malaminsu na biyar, Guru Arjan, a Lahor. Ɗansa Hargobind da ya gaje shi sai ya rataya takubba biyu, ɗaya na lamarin ibada, ɗaya na lamarin duniya. A 1675, zamanin Sarkin Mugal Aurangzeb, aka sare kan malami na tara, Tegh Bahadur, a tsakiyar kasuwar Delhi. A tarihin da suke bayarwa, ya je ne don kare 'yan Hindu na Kashmir da ake matsa wa, mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba. Ɗansa Gobind Singh shi ne a 1699, a garin Anandpur, ya tara jama'a ya zare takobi ya ce wa zai ba da kansa. Mutum biyar suka miƙe. A cikinsu akwai wanzami, akwai mai ɗebo ruwa, akwai manomi. Ya shayar da su a ƙwarya ɗaya, sannan ya durƙusa ya ce su ma su shayar da shi. Daga ranar kowane namiji ya ɗauki sunan Singh, wato zaki, kowace mace Kaur, don sunan gida ya daina nuna wane ɗan wane ne. Awarwaron malaminmu na lissafi daga wannan rana ya samo asali, shi da gashin da ba a askewa da 'yar wuƙar da suke ratayawa.

Na ga wasu sun gyara zama, don sarakunan da na ambata Musulmi ne. Haka ne, kuma ba zan kewaye ba. Amma ga ragowar labarin. Da gwamnan Sirhind, Wazir Khan, ya kama ƙananan 'ya'yan Gobind Singh biyu, waɗanda ba su kai shekara goma ba, ya yanke musu hukuncin kisa, wanda ya miƙe a fada ya ce wannan ba shari'a ba ce Musulmi ne, Sher Muhammad Khan, sarkin wani ɗan gari mai suna Malerkotla. Bai hana kisan ba. An kashe yaran. Amma mutanen Sikh ba su manta wanda ya yi magana ba. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, Panjab ta koma mahauta, Musulmi da Sikh da Hindu suna yanka juna, dubban ɗaruruwa suka mutu. Malerkotla kuwa aka kewaye ta. Har gobe garin Musulmi ne a tsakiyar Panjab ta Indiya, albarkacin magana ɗaya da aka yi a fada shekara fiye da ɗari biyu kafin nan.

Bayan rasuwar Gobind Singh a 1708, wani almajirinsa, Banda Singh Bahadur, ya tara manoma ya ci Sirhind da yaƙi a 1710. Ya zubar da jini mai yawa, har na waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ya kuma ƙwace gonaki daga hannun manyan masu ƙasa ya miƙa wa masu noma su. A hatiminsa akwai kalmomi biyu da suka zama take a wurinsu, deg da teg, wato tukunya da takobi. Ku lura da wadda aka fara ambata.

Sun samu mulki. Ranjit Singh ya kama Lahor a 1799, shekara biyar kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, ya yi sarauta har 1839. Wazirinsa na harkokin waje Musulmi ne, Fakir Azizuddin. Amma a Kashmir gwamnoninsa sun rufe babban masallacin Juma'a na Srinagar, sun ɗora wa talaka haraji mai karya ƙugu. Jikokin waɗanda aka zalunta sun iya zaluncin su ma, da sanda ta dawo hannunsu.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muke maƙwabtaka da Tsakuwa. Wajen 1846, daidai lokacin da Ingila ke yaƙin farko da daular Sikh, wani malami mai suna Hamza a Tsakuwa, nan ƙasar Dawakin Kudu, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, ya ce ba abin da aka yi jihadi dominsa ke nan ba. Ya kwashi jama'arsa suka shige duwatsun Ningi. Hujjarsa tana da ƙarfi, don Shehu da kansa a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da gaisuwa cikin al'adun da yake suka. To me ya biyo baya? Magadan Malam Hamza suka shafe kusan shekara hamsin suna kai hari kudancin Kano suna kama talakawa bayi, 'yan'uwan waɗanda aka yi tawayen dominsu. Saboda haka idan na yaba wa masu ƙin zalunci, ina yi ne ido a buɗe.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara, ku masu noman rani. Ingila ta haɗiye Panjab a 1849. Mutanen Sikh suka cika rundunarta, suka yi mata yaƙi ko'ina, har Bama inda suka haɗu da kakanninmu. Sai Turawa suka shiga haƙa manyan kanal a cikin daji busasshe na yammacin Panjab. Mafi girma shi ne na kogin Chenab, wanda aka fara zaunar da mutane a kansa a 1892, aka gina sabon birni, Lyallpur, wanda yau ake kira Faisalabad. Aka yanka gonaki murabba'i, aka raba wa manoma da tsofaffin sojoji. Daji ya zama alkama. Mutane suka yi arziki, suka yi godiya.

Amma mai ba ka ruwa yana ganin shi ke da kai. A 1906 gwamnati ta kawo doka: ita za ta faɗi yadda za a gaji gonar, ita za ta ci tarar wanda ya sare bishiya ko ya saɓa ƙa'idar gini, kuma ba a kai ƙararta kotu. A wani ɓangaren kuma ta ƙara kuɗin ruwa. Manomi ya wayi gari ya gane ashe shi ɗan haya ne a gonar da ya share da hannunsa. A 1907 suka tashi. Wani saurayi, Ajit Singh, ya riƙa bi ƙauye-ƙauye yana cewa kada a biya kuɗin ruwa. Musulmi da Hindu da Sikh suka taru a Lyallpur, don kanal bai san addini ba. Aka kama Ajit Singh da wani jagoran, Lala Lajpat Rai, aka kai su kurkukun Mandalay a Bama. Amma babban gwamnan Indiya, Lord Minto, ya yi lissafi: 'ya'yan waɗannan manoma su ne riƙe da bindigoginsa. A watan Mayu na shekarar ya ƙi sa wa dokar hannu, ta mutu. Ɗan ɗan'uwan wannan Ajit Singh shi ne Bhagat Singh da Turawa suka rataye a 1931 yana da shekara 23, wanda masu kallon fim ɗin Indiya a cikinku suka sani.

Zan wuce da sauri ta kan sauran. Ran 13 ga Afrilu 1919 Janar Dyer ya sa aka buɗe wa taro wuta a wani kewayayyen fili a Amritsar, Turawa da bakinsu suka amsa sun kashe mutum 379. A 1922, a Guru ka Bagh, ƙarti majiya ƙarfi, da yawansu tsofaffin sojoji, suka riƙa zuwa rukuni-rukuni 'yan sanda na dukansu da kulake har su faɗi, ba wanda ya ɗaga hannu. Gobe wani rukunin ya zo. A 1984 kuma sojan Indiya ya kutsa babban ɗakin ibadarsu, masu gadin Firaminista Indira Gandhi 'yan Sikh suka harbe ta, aka kashe musu mutum kusan 3,000 a Delhi cikin 'yan kwanaki.

Sai 2020. A Panjab gwamnati ce ke sayen alkama da shanshera a kan farashin da take sanarwa tun kafin a yi shuka. Wanda ya taɓa kai tumatir Kwanar Gafan a watan da kowa ya kawo, ya tsaya rana na dukan kwanduna, dillali na taya shi da abin da bai kai kuɗin mota ba, shi zai gane darajar sanin farashi tun iri na hannu. A Satumbar 2020 gwamnatin Narendra Modi ta yi dokoki uku da manoma suka ga za su rushe wannan tsari su bar su a hannun manyan kamfanoni. Ran 26 ga Nuwamba suka doshi Delhi da taraktoci. An tare su da ruwan feshi da barkonon tsohuwa da ramukan da aka haƙa a kan titi. Suka zauna a mashigan birnin, Singhu da Tikri da Ghazipur.

Ku dubi abin da ke cikin tirelar da kowace tarakta ke ja: buhunan garin alkama, wake, albasa, itace, tukwane, barguna. Sun ce guzurin wata shida suka ɗauko. Kafin a kafa dandamalin jawabi an kafa murhu. Ƙauyuka suka raba kwana, waɗannan su je su yi kwanaki su dawo, waɗancan su karɓe su, wanda ya tafi kuma maƙwabta su yi masa ban ruwa. Madara na zuwa daga gida. Ɗan sandan da ya fesa musu ruwa da safe, da yamma an miƙa masa faranti. Musulmin Malerkotla ma sun zo sun kafa tasu tukunyar shinkafa. Ƙungiyoyin manoma kusan arba'in suka haɗu a inuwa ɗaya, suka kuma hana 'yan siyasa hawa dandamalinsu. Sun ci sanyi, sun ci zafi, sun ci damina a kan kwalta. Ƙungiyoyin sun ce mutum wajen 700 suka rasu. Ran 19 ga Nuwamba 2021, ranar bikin haihuwar Guru Nanak, Modi ya fito ya ce ya janye, majalisa ta soke dokokin bayan kwana goma. Ba da takobi aka yi wannan ba. Da ruwan ciki aka ja na rijiya.

Kada a ɗauka aljanna ce. Ruwan ƙarƙashin ƙasarsu na ƙara nisa, bashi ya yi wa manoma katutu, kuma 'yan ƙwadagon da ba su da gona, waɗanda suke zama sahu ɗaya da mai gona a wurin cin abinci, in an tashi kowa ya san matsayinsa.

Mu dawo gida. Ba wanda zai koya wa Bakano cewa a'a. A Kano aka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, mutum takwas. Iyayenmu sun sha bulala a gaban alƙali, sun ci sarƙa a gidan yarin En'e, an kore su daga gonakinsu saboda sun ce suna bayan Malam Aminu. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta. Kuma an ga amfanin wahalar: a 1979 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, abin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa dominsa. Amma duk ƙarfinmu a cikin jam'iyya muka zuba shi, da ta tsage gida biyu, santsi da taɓo, sai ya bi ta tsagin ya tsiyaye.

Ga kuma Bakolori. A shekarun da Audu Bako ya gina Tiga, aka gama a 1974, aka jawo ruwa zuwa Kadawa, a shekarun ne aka datse kogin Sakkwato a Bakolori, kusa da Talatar Mafara. Aka tashi garuruwa, aka baje gonaki da katafila, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuma ta maƙale. Suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike suka ce sun haura 380. Waɗannan mutane ba su gaza manoman Lyallpur jarunta ba. Bindiga ce ta karya su, na sani. Amma sun yi zaman nan da yunwar shekaru a cikinsu, su kaɗai. Mu tambayi kanmu, mu da a lokacin alkamarmu ke fitowa a Kadawa da ruwan irin wannan dam, buhu nawa ya tashi daga nan zuwa can?

Ba don ba mu san tukunya ba ne. Mun san ciyayya, inda kowane magidanci ke fito da kwanonsa ƙofar gida. Mun san gayya, mun san adashi. Mun san ɗaya cikin goma tun kafin a haifi Guru Nanak, har malamai sun koya mana cewa wanda ya sha wahalar ban ruwa rabin haka zai fitar. Abin da ba mu yi ba shi ne ɗaura wannan al'ada da maganar haƙƙinmu. Na ƙarshen kanal, wanda kacalla ta toshe masa hanya, na sama kuma suka shanye ruwan, da dare yake zuwa shi kaɗai ya fasa bakin kanal, gobe a yi rigima tsakanin talaka da talaka. Shekarar da tsutsar nan da kuka raɗa wa Sharon ta cinye tumatir, 2016, kowa a ɗakinsa ya yi kukansa. Nan Kumbotso, gonakin da birni ke cinyewa ana yanka fulotai, da ruwan masana'antu da ke gangarawa kogin Challawa, kowane gida da nasa ƙorafin, kowa kuma shi kaɗai yake zuwa ofis da takardarsa.

Hakimi na zaune, kada a ce na zo tunzura jama'a su tare titin Zariya. Abin da nake nufi bai kai nan ba, kuma ya fi nan wuya. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kowane sashe na aikin Kadawa. Wace ce a cikinsu take da rumbu? Tiya ɗaya daga kowane buhu a lokacin girbi, a hannun mutum uku da aka yarda da su, da littafin da kowa zai iya buɗewa. Ranar da aka ce wakilai su tafi hedkwatar Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are, ko su kwana uku a Abuja, ba sai an je gidan ɗan takara neman kuɗin mota ba. Wanda ya ba da kuɗin mota shi ke faɗin inda za a sauka.

Abu na ƙarshe. A addu'ar da mutanen Sikh ke yi a tsaye safe da yamma, akwai wurin da ake tuno waɗanda aka kashe, da irin kisan da aka yi musu. Yaronsu ɗan shekara bakwai ya san sunan yaran Sirhind. Mu kuwa mun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, muka bar zancen a nan. Ɗalibai, ku ɗaga hannu, wa ya taɓa jin Bakolori kafin yau? Na gode, ku sauke. Su ne kaɗan ɗin da kuka gani.

Na roƙi biyu daga cikin ɗaliban nan su zauna a bakin ƙofa da littafi da biro. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya sha ɗauri a zamanin NEPU, ko aka tashi garinsu da za a cika Tiga, ko aka karɓi gonarsa ba a biya shi ba, ya tsaya ya faɗa musu sunan mutumin da garinsu da shekarar, gwargwadon abin da ya riƙe. Iyayenmu mata, ku kuka fi mu riƙe irin wannan, akwai ɗaliba da za ta zo inda kuke. In littafin ya cika akwai wani a jakata.